Bauri, Garɗi da Mahaɗi: Sharhi Bisa Kalmomin Ɗanɗano na Masu Giyar Inabi da Namu na Ƙasar Kiru

A shekarar 1983 wata malamar ilmin harsuna ta Jami'ar Arizona a Amurka, Adrienne Lehrer, ta fitar da littafi mai suna Wine and Conversation, watau giyar inabi da hira, aka kuma sake buga shi da ƙari mai yawa a 2009. Tambayar da ta sa a gaba ita ce wannan: in mutum biyu suka kurɓi abu guda, ɗaya ya siffanta abin da ya ji da kalmomi, shin ɗayan zai gane abin da a ke nufi? Tambaya ce ta masu nazarin ma'ana, ta kuwa shafi kowane harshe. Abin da na ke nufin yi a wannan takarda shi ne in auna littafin nan, da wani aiki da ya biyo bayansa, da ma'aunin Hausa, musamman Hausar da a ke ji a kasuwanni da madafai na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. In an yi awon za a ga inda Turawan suka fi mu shiri. Za a kuma ga wani abu da ke cikin Hausa wanda tsarinsu ba shi da wurin ajiye shi, mu kuwa da ya ke tsarin nasu mu ke bi wajen rubuta ƙamus da shirya darasi, muna ta barinsa a waje.

Watakila wani malami ya ce, me ya haɗa mu da zancen giya? Gaskiya ne, giya haramun ce ga Musulmi, bayan 2000 kuma da aka ƙaddamar da shari'a a Jihar Kano doka ta hana sayar da ita. Matse inabi don a yi abin sha ba al'adar ƙasar nan ba ce. Giyar da karkara ta sani ita ce ta dawa, irin wadda Maguzawa ke dafawa, sai bammi da ke zuwa daga kudu. Amma fa malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Antara da Ɗarafa, inda aka siffanta giya da mashayanta, don neman lugga, ba wanda ya taɓa cewa sun sha. Mu ma luggar mu ke bi.

Abu na farko da Lehrer ta nuna shi ne, yawancin kalmomin da masu giyar inabi ke amfani da su a Ingilishi aro ne daga wani fage. Su kan ce giya tana da jiki, ko tana da nauyi, ko kaifi, ko laushi. Wadda ba ta da zaƙi su ce busasshiya ce, alhali kuwa ruwa ce. Wani ma har ya kan ba ta halin mutum, ya ce mai kunya ce ko mai girman kai. Na biyu, ta jera kalmomin nan bisa mataki uku: in tsami ya yi yawa akwai kalmar zargi, in ya yi daidai akwai ta yabo, in ya gaza akwai wata ta zargi kuma. A ganina wannan jeri shi ne mafi amfani a cikin littafin duka, zan kuwa komo kansa. Na uku shi ne gwaji. Ta kan ba mutum biyu giya iri uku, ɗaya ya rubuta siffar kowace, ɗayan ya ɗanɗana ya ce wace siffa ce ta wace giya. Mashayan yau da kullum ba su fi mai canka dacewa ba, ƙwararru ne suka ɗan taɓuka. Daga nan ta yanke cewa yawancin hirar giya aikinta ɗaura zumunci tsakanin masu zama tare, kamar yadda gaisuwa ta ke, ba isar da labari ba.

Shekara guda bayan littafin, a 1984, Ann Noble ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ita da abokan aikinta, suka nemi maganin wannan ruɗani. Suka zana wani abu mai kama da faifai, zobe cikin zobe har uku, aka gyara shi a 1987. A tsakiya akwai manyan gidaje 12, kamar ƙamshin 'ya'yan itace, da na fure, da na itace, da na ƙasa. Kowane gida ya rabu, rabon kuma ya sake rabuwa, har a kai baki inda a ke samun sunan abu takamaimai, kamar lemo ko zuma ko kanumfari. Suka hana kalmomin yabo da zargi shiga faifan, suka kuma rubuta yadda za a haɗa samfurin kowane ƙamshi, don ɗalibi ya shinshina ya riƙe. Wannan aiki ne mai kyau, ba na ƙyashin faɗa. Amma a lura da irin kalmomin da ke bakin faifan: dukansu kamance ne. Ba sa cewa ga sunan abin da hanci ya ji, sai dai su ce ya yi kama da abu kaza. Kamance kuwa ido ya kan ja shi. A 2001 masu bincike uku, Morrot da Brochet da Dubourdieu, suka rina farar giya da jan launi marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu koyon sanin giya a Bordo ta ƙasar Faransa. Ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin jar giya. Bahaushe ya riga ya faɗa, gani ya kori ji.

To, mu juyo gida. Hausa ba ta fara da kamance ba. Tana da saiwoyin kalmomi waɗanda aikinsu ke nan tun asali, su ambaci abin da baki ko hanci ya ji: zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, garɗi, zartsi, ƙamshi, wari, ɗoyi, ƙarni, ƙauri, zarni. F. W. Parsons ne ya fara ware su a matsayin aji guda, a wata maƙala ta 1955, Paul Newman kuma ya ba su babi nasu a babban nahawunsa na 2000. Siga ɗaya gare su: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama-sama, su ƙare da dogon wasalin i. Daga cikinsu a ke cire sifa, kamar zazzaƙa da zaƙaƙa, ko daddaɗa da daɗaɗa, a kuma cire aikatau, kamar kaurara daga kauri, da sanyaya daga sanyi. An daɗe a Turai a na cewa ɗan Adam ba ya iya ba wari suna sai ta hanyar kamance, har Asifa Majid da Niclas Burenhult suka nuna a 2014 cewa mutanen Jahai na ƙasar Malesiya suna ambaton wari da sauƙi kamar yadda su ke ambaton launi. Cikin kalmominsu har akwai ta warin jini da ɗanyen kifi da ɗanyen nama. Mai sayen kifi a bakin madatsar ruwa ta Tiga ba zai yi mamaki ba, gama ƙarni ke nan, ya kuwa san a na kashe shi da lemon tsami da citta.

Sai dai ajin Parsons aji ne na siga. Ya haɗa zaƙi da nauyi da faɗi da zurfi wuri guda domin ƙirarsu ɗaya, ƙa'idarsa kuma ba ta ɗauki hamami da maƙaƙi ba domin gaɓa uku gare su. Gishiri da yaji kuwa sunayen abubuwa ne aka ara wa abin da su ke sa wa a baki, shi ya sa ba mai cewa miya yayyaja ce, sai a ce ta ji yaji. Ga mai nahawu wannan rabo daidai ne. Ga mai neman sanin yadda Bahaushe ya tsara abin da bakinsa ke ji, bai isa ba.

Bari mu ɗan daɗe a kan bauri, domin shi ne gadar da ta haɗa zancen nan biyu. Duk wanda ya yi yarinta a ƙasar Kiru ya taɓa gatsar kanya wadda ba ta nuna ba, ko ɗanyar kaɗanya, ya ji bakinsa ya ɗaure, harshe ya yi kaushi, miyau ya ɗauke. Wannan ba ɗaci ba ne, yaro ƙarami ma ba ya haɗa su. Maɗaci ɗaci gare shi, kanya bauri. Abin da ke kawo shi wani sinadari ne, tanin, wanda ke kama sinadaran da ke sa miyau santsi ya dunƙule su, sai baki ya rasa abin da ke sulluɓar da shi. Saboda haka masana ke cewa bauri ya fi kusa da taɓawa bisa ga ɗanɗano. Sinadarin nan shi ne a cikin bagaruwa, wadda majeman Kano ke jeme fata da ita: yadda ya ke kama fatar akuya ya hana ta ruɓa, haka ya ke kama bakin mai cin kanya. Shi ne kuma a ɓawon inabi da ƙwallonsa, wanda ya sa jar giya ta ke ɗaure baki, masu ita suka ɓata tawada mai yawa wajen bayyana shi. Abin da Bature ke koya wa ɗalibi da samfur, a na ce masa kada ya ruɗa shi da ɗaci, Hausa ta raba shi tun a saiwa.

Garɗi ya fi wuyar fassara. Shi ne abin da a ke ji a soyayyar gyaɗa, da aya, da riɗi, da madarar da aka tatso yanzu, da gasasshiyar masara sabuwar karya. Akwai ɗan maiƙo a ciki, akwai ƙamshi, akwai wani ɗan zaƙi da bai kai a kira shi zaƙi ba. Ingilishi ba shi da kalma guda da ta rufe wannan fili, sai ya koma ga kamance, ya ce mai kama da gyaɗa ko mai kama da kirim.

A nan ne na ke da magana da malaman kwalejojin horon malamai. Darasin gaɓoɓin ji ya zo mana daga littattafan Turai da ɗanɗano huɗu: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri. Sau da yawa har da zanen harshe, an raba shi gida-gida, wai zaƙi a tsini, ɗaci a can baya. Zanen nan kuskure ne. Asalinsa wani bincike ne na Bajamushe D. P. Hänig a 1901, wanda ya sami ɗan bambanci kaɗan tsakanin sassan harshe, aka zo aka kambama shi bayan Edwin Boring ya sake zana sakamakon a 1942, Virginia Collings kuma ta nuna a 1974 cewa kowane sashe mai ɗanɗano yana jin dukansu. Wannan gyara ne mai sauƙi. Wanda ya fi shi nauyi shi ne, in malamin Hausa ya fassara huɗun nan ya tsaya, ya koya wa yaro ke nan cewa bauri da garɗi da zartsi, waɗanda ya zo da su daga gida, ba su da kujera a aji. Lissafin huɗu ko biyar lissafi ne na masu binciken jijiyoyin harshe, yana da gaskiyarsa a can. Darasin Hausa kuwa lissafin Hausa ya kamata ya bi.

Yanzu sai babban zancen, watau haɗa abin sha da abinci. A ƙa'idar Turawa da kowa ya sani, jar giya da jan nama, fara da kifi. Lehrer ba ta ba wannan fage ƙarfi ba, gwaje-gwajenta giya ce tsura a kofi, faifan Noble ma haka. To, a Hausa akwai kalmar da ta riƙe wannan fage duka, ita ce mahaɗi. A dubi ƙirarta: ma a gaba, i a baya, kamar mabuɗi da masassabi da madubi. Sunan kayan aiki ne. Miya ita ce abin da a ke haɗa tuwo da shi ya zama abinci, nono kuma mahaɗin fura. Tuwon da ba shi da mahaɗi yana da sunansa daban, gaya, sunan kuwa na tausayi ne. Karin magana ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, wani kuma ya ce tuwon girma miyarsa nama.

Sa'an nan a dubi aikatau biyu, ci da sha, waɗanda Claude Gouffé ya yi nazarinsu a 1966, Philip Jaggar da Malami Buba kuma suka sake bi a 2009. A na cin tuwo, a na shan miya. A na shan fura da kunu da fate, har da rake da mangwaro, amma goro cinsa a ke yi. Abin da wannan ya nuna shi ne, gurbin da giya ta ke cikewa a teburin Bafaranshe, na abu mai ruwa, mai tsami ko bauri ko ƙamshi, wanda ke raka abu mai nauyi, a akushin Bahaushe miya ce ta cike shi. Abin da a ke kurɓa a gefe ruwa ne kawai. Wanda duk ya tafi neman kwatankwacin giya a cikin zoɓo ko kunun zaƙi, don ya ga su ma a kofi su ke, ya bi siffa ya bar aiki. Fura ma ba rakiya ta ke yi ba, ita kanta abincin rana ce. Inda ci da sha suka haɗu sosai irin na Turawa shi ne karin kumallo: koko da ƙosai, ko kunun tsamiya da ƙosai a lokacin azumi, tsami yana yanke maiƙo.

Da zarar an gane wannan, sai a ga jerin Lehrer mai mataki uku yana bukatar gyara kafin ya yi aiki a Hausa. A wurinta yawan tsami ne ke sauya kalma. A wurinmu kalmar ba ta sauyawa, abin da ta sauka a kai shi ke sauya hukuncinta. Tsami a koko abin nema ne, don shi a ke barin gasara ta kwana. Tsami a faten tsaki, wanda yakuwa ta kawo, shi ne armashinsa. Tuwo ya yi tsami kuwa, ya lalace ke nan. A nono abin ya fi haka rassa. Mai saye a Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da ta Zariya, ya kan karɓi ɗan ludayi ya ɗanɗana tukuna. Kindirmo a na so a ji kauri da garɗi, tsaminsa kaɗan. Tsala, wanda aka kaɗe aka cire mansa, an san ya fi tsami da ruwa, kuɗinsa kuma bai kai ba. Harshen da ya saba ya kan rarrabe tsamin nono na gaskiya da na garin kuka da a ke ƙarawa don a yawaita shi, ya kuma gane wanda aka yi da madarar gari, abin da ya yawaita a zamanin nan. Duk wannan awo kuwa da fura a zuci a ke yinsa, domin nonon da ya yi tsami ƙwarai a sha shi tsura ya kan yi daidai in ya gamu da fura mai citta da kanumfari da barkono.

Masu girki suna da nasu nahawun na abin da ke kashe wani. Kanwa tana kashe tsami, wannan kuwa ilmin sinadarai ya tabbatar, gama kishiyoyin juna ne. Ƙuli-ƙuli yana kwantar da tsamin rama a kwaɗo. Bauri da maiƙo kuma kowane maganin ɗan'uwansa ne. A 2012 Paul Breslin da abokan aikinsa a Amurka suka gwada wannan: aka ba mutane busasshen nama mai kitse, wasu suna kurɓar shayi tsakanin loma, wasu ruwa, aka ga shayi ya fi wanke maiƙon baki. Dalilin jar giya da nama ke nan. Shi ne kuma dalilin shayi mai kauri bayan tsire, da goro bayan tuwo mai man shanu.

Goro ya cancanci a tsaya masa, domin in a na neman abin da Hausawa suka yi wa irin ƙwarewar da Faransawa suka yi wa giya, shi ne. Ba a nan ya ke tsiro ba, daga kurmi a ke kawo shi, asalinsa kuwa yana cikin darajarsa, kamar yadda gonar inabi ta ke cikin darajar giya. Paul Lovejoy ya rubuta tarihin fataucinsa daga Gwanja a littafinsa Caravans of Kola na 1980, Bebeji kuma tana cikin labarin: a nan aka haifi Alhassan Dantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa fataken goro, da goro kuma ya fara tara dukiya kafin gyaɗa. 'Yan goro suna da kalmomin girma, goriya da marsa da minu. Suna da na launi, fari da ja. Suna da na asali, kamar laboji na ƙasar Nufe, da na aibi, kamar sankara, wadda a ke wa kirari da ɓata goro. Suna ƙirga shi da ƙwarya, watau ɗari. Mafi muhimmanci, suna da kalmar shekaru, daushe, goron da aka adana cikin ganye a na duba shi a na sauya masa shimfiɗa har ya kwana biyu, baurinsa ya kwanta, garɗinsa ya fito, kuɗinsa ya hau. Burkutu ba ta da irin wannan kalma, gama ba ta ajiyuwa, cikin 'yan kwanaki ta ke lalacewa. Abin da a ke iya ajiyewa, a saye shi da tsada, a yi kyauta da shi ga manya, shi ke tara kalmomi. Ga kuma abin da kowane maci goro ya sani, in ka sha ruwa bayansa sai ka ji ruwan da zaƙi-zaƙi, har ruwan rijiya mai zartsi ya kan shawu.

Saura hukuncin Lehrer na cewa hirar ɗanɗano zumunci ce. Wannan gaskiya ne a teburin da ta zauna, inda a ke sa ran baƙo ya yabi abin da aka zuba masa, ya kuma nuna iya yabo. A tabarmar Bahaushe al'amarin a juye ya ke. Wanda daɗin abinci ya kwashe shi har ya shiga surutu, an ce ya yi santi, dariya za a yi masa, a yi ta tsokanarsa da shi. Kunya ta hana a zauna a na siffanta loma. Saboda haka kalmominmu na ɗanɗano ba a wurin ci su ke zaune ba. Suna bakin mai nono da mai saye, da ɗan goro da dillali, da mahauci, da uwa tana koya wa 'yarta girki, da uwar miji in ta ɗanɗana miyar amarya ta ce lami ce, ko ta ce salam. A waɗannan wurare kalma tana da farashi, in ba a fahimci juna ba ciniki ya ɓaci ko tukunya ta lalace. Shi ya sa na ke zaton da za a maimaita gwajin Lehrer da masu nono biyu na kasuwa guda, a ba su nono iri uku, sakamakon zai bambanta da nata. Gwaji ne marar tsada, ɗaliban kwaleji ma za su iya yinsa. Wannan kuma ya bayyana abin da ya sa kalmomin aibi suka fi na yabo yawa a wurinmu: ƙauri, ƙarni, hamami, gafi, maƙaƙi, lami, ga su nan birjik, yabo kuwa yawanci daɗi ne da garɗi da ƙamshi.

Manyan ƙamusoshinmu na farko, na Bargery a 1934 da na Abraham a 1949, taska ce da ba mu da kamarta, kalmomin nan kuwa sun shiga cikinsu. Amma ƙamus ne na harshe biyu, an yi su don mai jin Ingilishi, aikinsu su ba kalmar Hausa takwara a wancan harshe. Maza ne kuma suka tattara su, madafi kuwa ba wurin zaman baƙo namiji ba ne. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya cire mu daga larurar takwara, tun da ya ke da Hausa ya ke bayyana Hausa. Abin da ya rage shi ne tsarin da kowane ƙamus ya gada, na ɗaukar kalma ita kaɗai, kamar giya tsura a kofi.

Akwai dalilin hanzari. A 1908 Kikunae Ikeda na Jami'ar Tokyo ya ware wani ɗanɗano na biyar ya kira shi umami, wanda a ke ji a romon nama da abubuwan da aka ruɓar da gangan. Mu mun daɗe da shi a daddawa, ta kalwa da ta batso, ɗorawa kuwa ba ta da wuya a kudancin Kano. Hausa ba ta yanka masa suna ba, sai a ce miya ta ji daddawa. Da Maggi da Ajinomoto suka shigo, sai gurbin ya cika ta wata hanya: yanzu a girke-girken rediyo da na intanet a na cewa a zuba sinadarin ɗanɗano, ko ma a zuba ɗanɗano kurum. Kalmar da ta ke uwa ga zaƙi da ɗaci da bauri duka tana neman zama sunan dunƙule guda. Ba na cewa a yi faɗa da wannan, harshe ba ya neman izinin malami. Amma miyar da dunƙule ya rinjaya kusan ɗaya ta ke ko'ina, abin da baki ya daina rarrabewa kuwa kalmarsa ba ta daɗewa.

Shawarata ga masu tattara kalmomi ita ce, kowace kalmar ɗanɗano a rubuta ta da abu huɗu: inda ta ke yabo, inda ta ke zargi, abin da ke ƙara ta ko kashe ta, da mahaɗinta. Ga misali da yauƙi, wanda shi ma ɗan ajin Parsons ne. Yabo ne a miyar kuɓewa da karkashi da lalo. Zargi ne a goro, shi ya sa ba a daraja hannunruwa, zargi ne kuma a nama ko dafaffen wake da ya kwana, inda ya ke nuna lalacewa. 'Yar kanwa tana taimakonsa, tsami yana tsinka shi, don haka mai son miyarta ta ja ba ta cika mata yakuwa ko tumatir. Mahaɗinsa tuwo ne, na dawa ko na masara, domin lomar tuwo ba a cika tauna ta ba, yauƙi ne ke raka ta ta wuce maƙogwaro. Waina kuwa, da ya ke tauna ta a ke yi, tana kuma da ɗan tsaminta da maiƙonta, taushe a ke ba ta.